Ƙofa Uku Babu Sallama

Ranar da abin ya fara, rana ta gama faɗuwa amma ba a kira magariba ba tukuna. Gidan ya yi tsit, in ban da fankar falo da ke juyawa a gajiye. Maigidan yana tsaye kan kujera a gindin bene, da sukudireba a baki, yana lallaɓa wata waya shuɗiya ta bi gefen bango.

Shi dai mai haɗa magani ne a wani kemis, amma kaf dangi Injiniya suke ce masa, domin babu kayan wuta da zai shigo gidan bai kwance masa ciki ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Umma, wata biyar ke nan tana jinya a wani asibiti mai nisa, kuma likitoci sun ƙi cewa eh, sun ƙi cewa a'a. Gidan ya rage daga shi sai yayarsa Gwaggo, sai 'yarsu tilo mai shekara goma sha biyar, da ake ce wa 'Yar Baba.

Yana da wata tsohuwar kwamfuta da ya sa wa suna Rumbu. A ciki ya tara bidiyon gidan na shekara goma sha bakwai, tun daga ranar da suka tare. Burinsa ɗaya ne: Umma ta buɗe wayarta daga gadon asibiti ta riƙa kallon gidanta. To amma gidan mai kaurin bango ne, rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba intanet, ba ta isar da shi ko'ina. Akwai ta kamfani a falo, ya ƙara ta biyu a gindin bene, ta uku kuma a sama, jikin ɗakin 'Yar Baba, inda Rumbu yake. Duk mai son isa ga Rumbu daga waje sai ya ratsa ukun nan, kowace da ƙofarta a kulle.

Kwana tara yana fama. Biyu daga cikinsu suka yi ta rigima kan wace ce za ta raba wa na'urorin gidan lamba, kamar direba biyu a mota ɗaya. Ya raba musu gardama, ya buɗe ƙofa a ta farko ya nuna ta biyu, ya buɗe a ta biyu ya nuna ta uku. Sai Umma ta ce hannunta rawa yake yi, kalmar sirrin shiga Rumbu ta ƙi rubutuwa. A yammacin nan, don tausayi da gajiya, Injiniya ya cire kalmar sirrin gaba ɗaya.

"Yanzu ko jariri ya taɓa zai shiga," ya ce wa Gwaggo yana saukowa daga kujera.

Gwaggo, da ko sunan rauta ba ta iya faɗa daidai, ta taɓe baki. "Ni dai ban taɓa jin an yi alfahari da gida babu ƙyaure ba."

Ba ta rufe baki ba dutse ya faɗo a kan rufin. Ɗaya ne, mai nauyi, ya gangara a hankali har ya tsaya. Suka saurara. Babu gudun yara a layi, babu dariya. Can sai na biyu, sai na uku, daga nan shiru ya dawo, aka kira salla.

Washegari da magariba Injiniya ya duba Rumbu, ya ga an rubuta mai kallo ɗaya daga waje. Wayyo, farin cikin da ya yi! Ya kira Umma, ta ce masa da 'yar muryarta, "Na gani, Allah ya saka." Haka aka yi ta yi. Rana na faɗuwa mai kallon zai shigo, duwatsu uku su sauka a rufi, fitilun rauta ukun nan su kama ƙyaftawa tare kamar an ba su umarni. Da safe a hau rufin, ba a samun ko tsakuwa.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Na'urorin gidan takwas ne, ya ƙirga su da yatsa har sau uku, amma jerin da ke cikin rauta tara yake nunawa. Ta taran ba ta da suna, lamba kawai aka ba ta, kuma a rautar sama take zaune. Ya goge ta, ta dawo. Ya kashe wutar gidan ya kunna, ta riga kowa dawowa.

'Yar Baba kuwa ta daina saukowa cin abinci. Da ma tun tafiyar mahaifiyarta takan zauna gaban Rumbu da yamma ta yi kallo ta yi kuka, kowa ya sani, kowa ya kau da kai. Yanzu kukan ya tsaya. Gwaggo ta wuce ƙofarta ta ji ana hira ƙasa-ƙasa, murya biyu, ta tura ƙofa ta tarar da ita kaɗai, ta matsa can gefen tabarma kamar mai ba baƙo wuri.

Rana ta goma sha ɗaya da fara jifan rufin, magariba na kawo kai, yarinyar ta sauko bene a hankali. Ta tsaya a tsakiyar falo, ta kare fuska da tafin hannu, ta yi dariya.

"Kai Injiniya, daina ɗaukata mana, ban shirya ba."

Kofin da ke hannunsa ya suɓuce. Muryar Umma ce, ba kama ba, ita ce da kanta, har da ɗan tarin da ya biyo bayan dariyar a wani bidiyo na shekara goma da suka wuce. Yarinyar ta sake faɗa. Ta sake, ba ta ƙara ba ta rage ba, idanunta a buɗe ba sa ƙiftawa.

Ya fita tsakar gida ya kira asibiti. "Umma, don Allah gaya mini gaskiya. Wane bidiyo kika kalla jiya?"

"Ka yafe mini," ta ce. "Ban taɓa samun shiga ba, ko sau ɗaya. Na ga wahalar da ka sha ne, ban so in karya maka gwiwa ba."

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ɗaga kai ya dubi tagar sama, inda koren haske ke ƙyaftawa a jikin labule.

Gwaggo ce ta nemo wani Malam. Tsoho ne siriri, ya yi shekara talatin yana koyar da nahawu kafin ya koma taimakon masu irin wannan lalura, kuma an san shi da rashin barin kalma ta wuce bai auna ta ba. Ya zo washegari kafin faɗuwar rana, ya sa Injiniya ya zaga da shi rauta ukun, yana tambaya kamar mai shirin saye.

"Wannan ƙofar da ka buɗe, wa ka ce ya shigo?"

"Matata, Malam."

"Ka faɗi sunanta a bakin ƙofar?"

"A'a. Na cire tambayar ne gaba ɗaya."

Malam ya girgiza kai. "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kai kuwa ba tsaga ka yi ba, shimfiɗa ka yi."

Suka zauna a ɗakin sama. Gwaggo ta riƙe kafaɗun yarinyar, Malam ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, ba ya gaggawa. Hasken taga ya yi ja, ya koma toka. Dutse ya sauka a rufi, na biyu ya biyo, na uku bai zo ba. Wuyan 'Yar Baba ya sandare, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito mai kauri da sanyi, kamar daga cikin rijiya.

"Ya isa, tsoho. Ban haura katanga ba, ban ɓalle ƙofa ba."

"Wane ne kai?"

"Ka ga, kai ka tambaya. Na daɗe ina yawo a iskar da ke tsakanin gidaje, kowace ƙofa na taɓa sai ta ce wane ne kai. Wannan ba ta ce ba. Uku a jere, duk a buɗe. Aka ba ni lamba, aka ba ni wurin zama. Baƙo ne ni, ba ɓarawo ba."

"Baƙo raɓa ne," in ji Malam. "Me ya kai ka jikin yarinya?"

"Tare muke kallo. Ita tana kuka, ni ina saurare. Matar nan tana da murya, tsoho. Ban taɓa jin gida mai ɗumi haka ba."

Malam ya koma karatu, ya ɗaga murya. Yarinyar ta yi ƙara, ta gantsare, zufa ta jiƙa mata riga, Gwaggo tana salati tana hawaye. Da ƙyar muryar ta dawo tana haki.

"Zan fita. Amma ba a sallamar baƙo hannu rabbana. A ba ni muryar matar gidan."

Injiniya, da ya ga 'yarsa tana shure-shure, ya yi wuf ya ce, "Na ba..."

Tafin Malam ya rufe masa baki da ƙarfin da ba a zata daga tsoho ba. Sai bakin yarinyar ya yi murmushi.

"Ya ce ya ba."

"Bai ƙarasa ba," in ji Malam. "Kyauta ba ta cika sai an ambaci abin da aka bayar da wanda aka ba. Wace murya kake nufi? Matar nan tana da biyu. Akwai wadda ta riga ta furta, aka tara a cikin akwatin nan. Akwai wadda ke ƙirjinta, da ba ta furta ba tukuna. Ta biyun ba ta mijinta ba ce balle ya bayar."

"Ta akwati," muryar ta ce a ƙarshe, kamar mai haɗiye abu mai ɗaci.

Malam ya ɗauke hannunsa, ya dubi Injiniya. "Taka ce. Ni ba zan ce ka bayar ba."

Injiniya ya dubi Rumbu. Shekara goma sha bakwai ne a ciki, kuma ya san abin da likitoci suka ƙi faɗa. In ta Allah ta kasance, wannan akwatin ne kaɗai zai sake kiransa Injiniya da wannan muryar. Ya dubi 'yarsa, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ya yi kuka a fili, bai ji kunyar kowa ba, ya maimaita abin da Malam ya shifta masa kalma bayan kalma.

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin Gwaggo. Fitilun rautar suka ɗauke, suka dawo, kowace tana ƙyaftawa da nata lokacin. Injiniya ya buɗe jerin na'urori ya ga takwas. Nan take ya rufe ƙofofin, daga ta falo zuwa ta sama, ya mayar da kalmar sirri.

Sannan ya kunna bidiyo ɗaya. Ga Umma a kicin, ana jin ƙarar cokali, ana jin gwarancin 'Yar Baba tana ƙarama, ana jin dariyarsa shi kansa a bayan kyamara. Bakin Umma yana motsi, babu abin da ke fitowa. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na goma, duk haka.

Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana saka takalmi. "Na ɗaure maganar iya sanina," ya ce. "Amma baƙon nan ya fi ni daɗewa a duniya. Kira matarka."

Wayar ta yi ta ringi. Sau huɗu, sau biyar, sau shida. Aka ɗauka. Yana jin ƙarar wata na'urar asibiti, yana jin numfashi, babu magana.

"Umma?"

Shiru.

"Umma, don girman Allah."

"Na'am," ta ce, a dishe. "Ruwa nake sha. Lafiya, Injiniya? Me ya samu muryarka?"

Ya zame ya zauna a kan matakalar bene. "Ki yi magana kawai."

"In ce me?"

"Ko mene ne. Ina jinki. Kada ki tsaya."