Gaisuwar Banki a Zauren Suruki

A tashar Dakoro Jafaru ya fara ganin Hamsatu. Ta rako gwaggonta mai tafiya Kornaka, shi kuma yana jiran motar Yamai, don wani banki ya ɗauke shi cikin shirinsa na horar da waɗanda suka gama jami'a. Bakin buhun gwaggon ya kwance, gero ya fara tsiyaya, sai ya tsuguna ya ɗaure mata. Hamsatu ta ce, "Allah shi biya," ba ta ko ɗago kai ba. Gwaggon ce ta tambaye shi ɗan wane ne, ita ce kuma ta ba shi lambar yarinyar.

A Yamai darasin da aka fi nanata musu shi ne tarbar mutane. Madam ɗin da ke horar da su takan ce, "Ka miƙe tsaye, ka ba mutum hannu, ka dube shi cikin ido, ka kira sunansa. Mai sunkuyar da kai ba a ba shi amanar dukiya." Jafaru, ɗan makiyayan Azagor, ya sha wahala kafin ya saba.

Yakan rubuta wa Hamsatu: "Hasken idona, yau ma an yi mini faɗa kan sunkuyar da kai. Sai na tuna ki a tasha."

Ita kuma ta amsa: "Yi haƙuri, Yayana. Koyi nasu, amma kada ka yar da namu. Ka ci abinci?"

Da aka turo shi reshen Dakoro don gwajin ƙarshe kafin a tabbatar da shi a aiki, kawunsa Kalla ya kai shi gaida mahaifinta, Malam Abarci. Suna shiga zaure, jikinsa ya riga hankalinsa. Ya tsaya ƙyam, ya miƙa hannu, ya dubi tsohon cikin ido.

"Malam Abarci, na ji daɗin ganinka."

Tsohon ya bar hannun a miƙe, ya juya wajen Kalla.

"Yaron ke nan, ko abokina ka kawo mini?"

Kalla ya yi ta ban haƙuri, amma tsohon ya ce, "Wanda bai ji kunyata yau ba, gobe ba zai ji ta ɗiyata ba. Rashidu dillali ya daɗe yana nemanta, kuma shi in ya hango ni, hanya yake sakewa."

Jafaru ya kasa cin abinci. Ya rubuta mata: "Na ɓata komi da hannuna. In an ba Rashidu ke, ba zan ga laifin Baba ba."

Sai washegari amsa ta zo: "Na yi kuka wurin Inna har ta yi mashi magana. Ya ce zai zo ya ga wurin da ya lalata ka. Ban san ranar ba."

Ranar kasuwa ya zo, banki cike da mutane. Shugaban reshen yana tsaye bayan Jafaru yana lura da yadda yake tarbar jama'a, don a kan abin da ya gani zai rubuta ko a riƙe shi ko a sallame shi. Malam Abarci ya shigo da rawaninsa da sandarsa, ya nufo teburin kai tsaye.

Jafaru ya ji idon shugaban a ƙeyarsa. Ya zagayo teburin, ya tuɓe takalmansa masu sheƙi, ya durƙusa a kan siminti, kansa a ƙasa.

"Baba, barka da zuwa. An zo lahiya?"

Shugaban ya yi gyaran murya, Jafaru bai motsa ba.

Tsohon ya kalle shi, sannan ya dubi shugaban.

"Kai ne babba a nan? In kun kore shi saboda wannan, ku turo mini shi. Ina da shanun da ke bukatar mai kiwo."

Shugaban ya ce, "Baba, da sauran baƙi dai tsayuwa zai yi."

"Wannan tsakaninku ne." Ya taɓa kafaɗar Jafaru da bakin sanda. "Tashi, ɗana, kada ka kashe wandon. Ka ce wa Kalla ina gida ran Juma'a."

Bayan kaka aka ɗaura aure, a watan da bankin ya tabbatar da shi. Da aka kai amarya mata suka watse, Hamsatu ta zauna bakin gado, mayafi har haɓa.

"Hasken idona," ya ce a hankali, "yau dai ki dube ni."

"Kai da aka biya ka don ka koyi kallon ido ma sai da ka sha wuya," ta ce. "Ni a bi ni sannu."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.