Gyauro a Gonar Bandar

Rana ta fara zafi lokacin da aka bugo waya caji ofis cewa an kashe dabbobi a wata gona da ke bayan garin Makka, kan hanyar Jumum. Sufeto Rakan ya ja tsaki, don shi ba likitan awaki ba ne. Amma da aka ce masa bareyi ne, kuma mai gonar ya riga ya ɗaure ma'aikacinsa a jikin dabino, sai ya ɗauki hularsa ya fita.

Gonar shaƙatawa ce, irin wadda masu hali ke ajiye namun daji don baƙi su gani su yaba. Bareyi tara na kwance cikin shinge, ƙafafu a miƙe, baki duk kumfa. A gindin dabinon kuwa ga wani tsoho, an ɗaure shi da tiyon ban ruwa, ba ko hula a kansa.

"Kwance shi," in ji Rakan.

"Wallahi sai tarhil!" Bandar, mai gonar, ya daka tsawa da Larabci. "Ni ne kafilinsa, ni na tsaya masa yake zaune, ni zan sa a kore shi daga ƙasar nan. Shi ya sake su cikin jawro!"

"Cikin me?"

"Jawro! Jawro!"

Rakan haifaffen unguwar Hindawiyya ne a Makka, kakarsa Basakkwaciya ce, kuma yana jin Hausa daidai gwargwado. Amma wannan kalma bai same ta a Larabci ba, bai same ta a Hausar gidansu ba. Ya adana ta a ransa, ya kwance tsohon da hannunsa.

Sunan tsohon Sabo. A goye aka shigo da shi ta Sudan, bai san kowa a Najeriya ba, ko hanyar garin iyayensa bai sani ba. Korar mutum irin wannan ba ta da bambanci da binne shi da rai, kuma Bandar ya san haka sarai.

"Baba, me kake shuka musu?" Rakan ya tambaye shi da Hausa.

"Kowane lokaci da nasa, ɗana. In sanyi ya shigo, sha'ir da ciyawar barsim. In zafi ya kama, barsim ba ya jurewa sosai, sai in sa wake da dawa. Wake su ci ganyensa ɗanye. Dawa kuwa sai ta girma ta yi kai, in yanke, in shanya, sannan in ba su."

"Mene ne jawro?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Gyauro yake nufi. In an yanke dawa, tushiyar ta sami ruwa, sai ta sake tsiro. Wannan ɗanyen tsiron dafi ne, balle a zafin nan. Dabba ta ci ta ƙoshi, ba ta kai yamma."

Suka taka zuwa ɓangaren dawar. Ƙasar a jiƙe take sharkaf, tsiron ya fito kore shar, an cinye rabinsa. Ƙofar shingen kuma ba ɓalle ta aka yi ba, kwance wayar aka yi a natse, aka rataye ta a kan turke.

"Wa ya kunna ruwa a nan?"

"Ni ne. Na manta."

"Wa ya buɗe ƙofa?"

"Ni ne. Tsufa."

Rakan ya dube shi. Mutumin da ya gama yi masa karatun dawa tiryan-tiryan, shi ne wai ya manta. Ya sha ganin masu laifi suna musu, amma mai rige-rigen karɓar laifi ya fi ba shi tsoro. Ya lura kuma idon tsohon na hagu ja ne wur, yana ta hawaye, ga shatin filasta a kuncinsa.

Ya koma wajen Bandar, wanda ke zaune a mota cikin sanyin na'ura.

"Yaushe rabonka da gonar nan?"

"Na yi tafiya Riyad. Ina biyan mutum albashi, sai kuma in yi masa gadi?"

"A ina ka koyi kalmar jawro?"

"Wani ne ya kira ni da safe. Ya ce in zo, mai aikina ya kashe mini bareyi da gangan."

"Da wane harshe?"

"Larabci tsantsa, na 'yan Makka. Sai dai da ya zo kan abin da suka ci, ya yi ta inda-inda, sannan ya ce jawro. Na sake kiran lambar, a kashe take."

Kafin Rakan ya bar gonar, ya ji motsi a ɗakin ajiya. Ya leƙa ta taga. Wata 'yar barewa ce a ciki, lafiyarta ƙalau, an cika mata bokiti da ruwa, an zuba mata busasshen barsim har ya yi tudu. Bandar ya ce bai san da ita a nan ba. Sabo ya ce shi ya kulle ta, amma da aka ce ya kawo makulli, sai ya hau laluben aljihun da ba komai a ciki.

Daga nan Rakan ya wuce unguwar Mansur, inda ƙanwar Sabo, Ummulkhairi, ke sayar da waina da miya a bakin wani lungu. Bai gaya mata abin da ya faru ba. Ya sayi waina, ya ce shi ɗan abokin Sabo ne, ya ji ba shi da lafiya.

"Alhamdu lillahi, ya ji sauƙi," ta ce tana juya tanda. "Yanar ido aka cire masa. A ɗakina ya yi jinya, fiye da mako. Jiya ma da ƙyar na bar shi ya koma."

"Kafilinsa ya sani?"

"Ina! Wannan azzalumin? In ya ji ido ya sami matsala, washegari zai nemo wani."

"To, Inna, wa ya kula da dabbobin?"

"Ɗansa mana, Muhannad. Shi da kansa ya ce zai je, har na yi mamaki. Yaron da ko gaisuwar Sallah sai an roƙe shi."

Muhannad na aiki a wani shagon wayoyi a unguwar Aziziyya. Saurayi ne tsaf-tsaf, farar riga ba ko ɗigo, turare na tashi. Rakan ya yi masa sallama da Hausa, ya amsa da Larabci, ya ce Hausarsa ba ta da ƙarfi.

"Yaushe rabonka da gonar Bandar?"

"An fi shekara."

"Gwaggonka ta ce kai ka riƙe gonar lokacin jinyar mahaifinka."

Fuskarsa ba ta canja ba, yaron akwai taurin ido. "Ɗayyib, na leƙa sau ɗaya ko biyu. Na ji tsoron a ɗora mini ne. Na ga ƙasa ta bushe na kunna ruwa, na ga kore na buɗe musu. Ni ɗan birni ne, me na sani game da ciyawa? Shi ya kamata ya gargaɗe ni. Aikinsa ne."

Rakan ya ji ransa ya ɓaci. Uban na can yana jan laifi zuwa kansa, ɗan na nan yana tura masa ƙari. Ya ce wa Muhannad ya shiga mota.

Da la'asar suka taru a gonar: Bandar, Sabo, Muhannad, da wani kurtu. Sabo na ganin ɗansa ya fara rantsuwa cewa yaron bai taɓa taka wurin ba. Muhannad bai ko kalle shi ba.

"Ni fa ban yarda da zancen nan ba," in ji Rakan da Larabci. "Ciyawa ba ta kisa. Guba aka zuba musu a ruwa. Amma gwaji ya fi gardama."

Ya sa kurtu ya ɓalle ƙofar ɗakin ajiya. 'Yar barewar ta fito tana rawar ƙafa, ta wuce kowa, ta je ta cusa hancinta a tafin hannun Muhannad.

"Ta san ka," in ji Rakan.

"Uwarta ta mutu, shi ya shayar da ita da kwalba bara..." Sabo ya fara, sai ya kama bakinsa.

Rakan ya kama ta a wuya, ya ja ta zuwa ɓangaren dawar, ya tura ta ciki. Ba abin kirki ba ne, ya sani, kuma bai yi niyyar barin ta ta ci ba. Ta shinshina ƙasa. Ta miƙa wuya ga tsiron farko, ta buɗe baki.

"La! La!" Muhannad ya yi kukan kura ya faɗa shingen, ya rungume ta, farar rigar ta shiga taɓo. "Gyauro ne! Kashe ta zai yi!"

Bandar ya nuna shi da yatsa.

"Wannan muryar ce. Wallahi shi ne ya kira ni."

Rakan ya tsuguna kusa da shi, ya koma Hausa. "Ɗan birni, ashe ka san ciyawa. Larabcinka ya kai ka ko'ina, amma bai kai ka gona ba. Abin gona da bakin ubanka ka koye shi. Ka tausaya wa barewa ka ɓoye ta, shi kuma ka kira a zo a kore shi. Me ya yi maka?"

Da Muhannad ya buɗe baki, da Hausa ya yi magana, Hausa garau.

"Zan auri Lujain. Gidansu manyan 'yan kasuwa ne, masu takardar ƙasa. Na roƙe shi kada ya zo ɗaurin auren, ya ce ko da rarrafe sai ya zo. Har ya ba da ɗinkin riga."

"To, sai me in ya zo?"

Muhannad ya juyo ya dubi tsohon, karo na farko tun isowarsu.

"Na gaya musu ka mutu tun ina ƙarami."

Sabo bai yi kuka ba. Ya dafa dabinon da aka ɗaure shi a jiki da safe, ya zame ya zauna.

"Na ce in aka mai da shi Najeriya, zan riƙa aika masa da abin kashewa," Muhannad ya ci gaba, kamar mai bayanin farashin waya. "Ba zai rasa komai ba."

Kurtu ya sa masa ankwa. Bandar, da ya ga ya sami wanda zai huce a kansa, ya ce tsoho ya zauna ya ci gaba da aiki, amma yaron sai ya yi zaman kurkuku, daga nan a kore shi, tun da shi ma da ikama yake zaune, takardar zaman baƙi.

Rakan ya je ya miƙa wa Sabo hannu don ya tashe shi.

"Baba, halas, magana ta ƙare. Ba mai korar ka."

Tsohon ya dubi hannun, ya dubi motar da aka tura ɗansa ciki.

"Na ce maka ni ne. Sau nawa na ce maka ni ne?" Muryarsa ba ta ko ɗaga ba. "Ni na yarda in tafi. Wa ya aike ka? Allah ya isa tsakanina da kai."

Rakan ya janye hannunsa, ya shiga mota, ya ce wa kurtu ya ja.