Aljanin da Aka Yi wa Shifa Zargi

A shagon gyaran waya da ke unguwar Aziziyya a Makka suka haɗu. Muhsin, ɗalibi daga Sakkwato mai taya kawunsa zaman shago, ya kunna wayar Shifa sai katun ɗin Japan ya fito: wata tsohuwa ta zamanin da, riƙe da fitila, tana korar aljanu daga ƙauyuka.

"Ke ma kina kallonsa?"

"Ina son tsohuwar," in ji ta. "Ba ta korar aljani sai ta fara tambayarsa abin da ya ɓata masa rai."

Daga nan saƙonni suka fara.

"Fitilata, kin kalli na yau? Na kusa kuka, kar ki gaya wa kowa."

"Khalas, na gaya wa Makka gaba ɗaya, ya Ustaz."

Mahaifinta, Malam Idrisu, shi ne mai ruƙiyya da duk unguwar Shisha ta sani. Da Muhsin ya turo kawunsa, Malam ya ce ba ya ba da 'ya ga ɗalibin da iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, za ta ƙare. Shi Talal ya zaɓa mata, ɗan maƙwabta, mai mota da shago.

Shifa ta ce ba ta son Talal. Ta daina cin abinci, ta shige ɗaki tana zana aljanun katun ɗinta. Umma ta ga zanen, ta ji ta tana rera waƙa da wani yare, nan take ta gano cutar: aljani ne ya aure ta.

Kwanaki Malam yana karatu a kanta.

"Fita! Wane ne kai?"

"Baba, ni ce. Muhsin nake so."

"Kun ji maƙaryacin!"

Ya yi ta magana da aljanin da babu shi, 'yarsa kuwa ko sau ɗaya bai tambaye ta ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Labari ya zaga unguwa. Talal mai rantsuwar zai mutu a kanta ya daina ko bin layinsu. Muhsin ya sake turo kawunsa, Malam ya amsa da sauri, don wai aure ne maganin irin wannan aljani.

Aka ɗaura. Mata na cin shinkafa suna raɗa, suna tausaya wa ango. Malam ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi albarka, ya ƙara sauƙi." Ta amsa da amin, zuciyarta na ɗaci. A matsayin mara lafiya aka ba da ita.

A ɗakinsu na unguwar Rusaifa, Muhsin ya zauna gabanta ya ɗan ɗaga mayafinta.

"Fitilata, me ya ɓata miki rai?"

Sai a lokacin ta fashe da kuka, ta fara ba shi labari tun daga farko.