Tabaran Mai Gyaran Agogo

Ku zo nan dukanku. Babba, ajiye wayar nan. Auta, share hawayenki ki matso. Tun jiya kuke cewa sai mijin Auta ya sake ta, don ya buɗe baki ya faɗa mata sirrinsa. To, ku ji wani labari tukuna.

An yi wata mai ɗinki da ta auri mai gyaran agogo. Shagonsa bai fi faɗin tabarma ba, yana kallon tagar da take ɗinki. Tun yana neman ta, kullum sai ya tsallako titi, wai ya zo ya zura mata zare a allura.

"Makauniya ka mai da ni?"

"A'a, ni ne dai ba ni da wata hujjar zuwa."

Kai, zamani mai daɗi! Amma shekara uku da aure, shiru, ba haihuwa. Uwar miji ta riƙa sammako, ta zauna a kujerar keken ɗinki tana cewa, "Kina ta ɗinka wa 'ya'yan mutane riguna, naki fa?" Har ta yanka wa'adi: zuwa ƙarshen shekara, ko ciki ko takardar saki.

Mai ɗinki ta jure wannan. Abin da ya fi ci mata rai shi ne shirun mijin. Ya rame, ya daina zura mata zare. Ran nan da hantsi ta miƙa masa allurar da gangan. Ya gwada sau uku ya kasa. Sai ya zube ƙasa ya fashe da kuka.

"Laifina ne, ba naki ba! Shekara bakwai ina gwauro a bayan shago, na saba biya wa kaina buƙata da hannu. Mai maganin tasha ya ce abin yana ƙone iri, yana kashe ido. Ga shi idon ya fara tafiya!"

Kunya ta fara kama ta, sannan haushi ya taso.

"Wato Inna tana yanka ni kullum, kai kana can kana kwankwaɗar maganin kwalba a ɓoye? Tashi! Sa takalminka!"

Ta tasa shi gaba har asibiti. Likitan, wani matashi mai fara'a, ya auna su duka biyun, ya ce su dawo bayan kwana uku. Da suka dawo ya ce:

"Malam, komai naka nomal ne, nata ma haka. Wannan abin ba ya hana haihuwa, ba ya makantar da kowa. Da yawa sun yi, sun kuma haihu. Sai in ya fi ƙarfin mutum har ya raba shi da aikinsa ko iyalinsa. Hukuncinsa a addini kuwa, malamai za ka tambaya, ba ni ba. Ido kuma, shekara nawa kana leƙen cikin agogo? Tabarau kake buƙata!"

Ranar da mijin ya sa tabaran ya ƙura mata ido ya ce, "Ashe kina da tabo a haɓa?"

"Sai yau, bayan shekara uku?"

Suka yi ta dariya a bakin titi har mutane na waiwaye.

Ta rufe sirrinsa ruf. Wa'adi ya cika ba ciki. Mijin ya durƙusa gaban uwarsa ya ce, "Inna, ki gafarce ni, ba zan rubuta takardar saki ba." Ta yi fushin wata shida. Shekara biyu bayan nan aka haifi namiji, uwar mijin ce ta fara ɗaukarsa.

Babba, kai ne yaron. Tabaran babanku suna nan cikin aljihun kekena, Allah ya ji ƙansa. Shekara arba'in na riƙe maganar nan, ba don Auta ba da na tafi da ita kabari.

Namijin da ya faɗa miki abin da yake jin kunya, amana ya ba ki, kuma jahilci ya fi wannan abin kashe aure. Ke kuwa, Auta, kika kwaso amanar kika zube a falo gaban yayyenki. Da haka na yi, da ba ɗayanku a duniya.

Mijin Auta yana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu, ya kasa shigowa. Babba, je ka shigo da shi. Ku zauna ku sasanta maganar nan yau, ina raye, ina gani.