Hannun Mai Kwalliya

"Ni ban ce kada ki yi aure ba, Auta," in ji Umma, tana ninke kayan makarantar jikarta ba tare da ta ɗago kai ba. "Tambaya ɗaya na yi miki. In kin tare a gidansa, ina za ki kai 'yarki? Ƙarƙashin gado?"

"Umma, yarinya ce fa... za ta manta."

"Wata huɗu ke nan kina cewa za ta manta."

Auta ta waiga. Daga inda take tsaye tana hango ƙafafun 'yarta Kanari a bayan kujera, inda ta maƙale tun da ta ji sallama a ƙofa. Mai gyaran famfo ne ma ya zo, ba Dogo mai neman auren Auta ba, amma yanzu duk namiji mai tsawo abin gudu ne a wurin yarinyar.

Shekarar Kanari shida. Mahaifinta ya rasu tana goye, Auta ta dawo gaban Umma da ita, su uku suka ci gaba da rayuwa a ɗakuna biyu da falo. Surutu ne ya ja mata sunan. Yarinya ce da in ta farka da asuba bakinta ba ya hutawa sai barci ya yi awon gaba da ita, har Umma kan ce da ana sayar da magana da tuni sun gina bene.

Ita kuwa Auta mai kwalliya ce a wani kamfanin shirya fina-finan ban tsoro. Ba irin kwalliyar amare ba. Aikinta shi ne ta ɗauki mutum lafiyayye ta mayar da shi abin da zai hana mutane barci. Ita ke haɗa jinin ƙarya da ruwan sukari da jar kala, ita ke auna haƙoran ɗan wasa ta ƙera masa fiƙoƙin roba daidai bakinsa. Kamfanin ya yi suna da fina-finan masu shan jini, kuma a cikinsu duka Dogo ne ke fitowa a matsayin shugabansu, wanda ke kwana a akwatin gawa ya fito yana neman wuyan mutane.

Abin dariyar shi ne, Dogo a zahiri mutum ne da ko allura aka nuno masa sai ya kau da kai yana salati. Kullum sai ya yi awa biyu a kujerarta, ido a rufe, tana manna masa fatar roba a goshi da kumatu. Ba a magana in gam bai bushe ba, saboda haka ita ke zuba, shi kuma yana saurare. Ta haka ya san labarin mijinta, ya san ciwon ƙafar Umma, ya san duk wata ƙiriniyar Kanari tun bai taɓa ganin ta ba. Ranar da ya ce yana son ta, fiƙoƙin na bakinsa, maganar ta fito a murɗe har sai da ya maimaita sau uku. Auta ta yi dariya har da hawaye, daga baya ta gane hawayen ba na dariya kaɗai ba ne. Tun rasuwar mijinta ba wanda ya saurare ta haka.

Komai ya tafi daidai har ranar da 'yar maƙwabta ta nuna wa Kanari wani fim ɗin Dogo a waya. Minti biyu kawai ta kalla, amma daidai inda Dogo ya danne wata mata ya kafa mata haƙora. Bayan kwana biyu ya zo gaida Umma a karo na farko, fuskarsa fes, da 'yar tsana a hannu. Kanari ta dube shi, ta dubi idanunsa, ta ƙwalla ƙarar da maƙwabta suka fito ba takalmi. Fitsari ya biyo ƙafarta. Dogo ya ajiye 'yar tsanar a bakin ƙofa ya juya, jikinsa a sanyaye.

Bai karaya ba. Kamfanin na da sashen da ake zana katun na yara, sai ya je ya yi ta roƙon darakta har aka ba shi muryar wani ɗan mai shan jini matsoraci, wanda da ya ga ruwan tumatir sai ya suma. Mako uku yana shiga ɗakin ɗaukar murya yana siranta muryarsa, duk don yarinya ɗaya ta yi dariya. Kuma ta yi. Auta na gefe tana addu'a a zuci, Kanari na ƙyaƙyatawa har da buga ƙafa, sai ɗan katun ɗin ya yi dariya. Magana ce Dogo ya iya sauyawa, dariyarsa kuwa tana nan yadda Allah ya yi ta, irin wadda Kanari ta ji a fim ɗin nan. Yarinyar ta miƙe ta kashe talabijin.

"Shi ne," ta ce. "Ya shiga cikin katun."

Daga ranar ta daina kallon katun ma gaba ɗaya.

Bayan rigimar da ta yi da Umma ne Auta ta kira Dogo tana kuka, kuma a wannan wayar suka yanke shawarar da su biyun suka ga ba ta da aibu. Ai su da ke cikin sana'ar ba sa jin tsoron komai, saboda sun san yadda ake yi. Wanda ya ga an kwaɓa jinin a kofi ba zai firgita da shi a allo ba. To me zai hana a kawo Kanari ɗakin kwalliya, ta ga Dogo da fuskarsa ta Allah, ta ga yadda ake gina ɗayar kaɗan-kaɗan, ta gane duk roba ce da fenti?

Umma ta ce ita hankalinta bai kwanta ba. Ta ce abin da babba ke gani daban, na yaro daban. Auta ta ce Umma ba ta san aikin ba ne. Wannan maganar ita ce ta fi damun ta daga baya.

Ranar Asabar da hantsi suka je, lokacin ba kowa. Ɗakin ƙarami ne, da babban madubi kewaye da ƙwayayen fitila, da warin gam da hoda. Dogo ya zauna can nesa, ya naɗe dogayen ƙafafunsa don ya rage tsawo, bai ko dube ta ba. Kanari ta ƙanƙame zanen uwarta har yatsunta suka yi fari.

Auta ta ɗauko fiƙoƙin ta lanƙwasa su a gabanta, ta ce ta taɓa. Da ƙyar ta miƙo yatsa ɗaya. Ta ɗiga mata jinin ƙarya a tafin hannu ta ce ta lasa. Yarinyar ta lasa, ta ware ido, ta ce ai zaƙi ne da shi. Can sai ta leƙo daga bayan uwarta.

"Kawu... kai ma kana jin tsoro?"

"Sosai ma, 'yata," in ji Dogo a hankali. "Kyankyaso in ya taso, ni ne na farkon hawa tebur."

Kanari ta yi 'yar dariya ta rufe baki. Auta ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Ta dubi Dogo ta madubi, ta ga idonsa ya ciko. Da a nan suka tsaya, da wataƙila labarin ya sauya. Amma sun riga sun tsara cewa sai yarinyar ta ga komai, kuma farin ciki ya hana su ganin cewa abin da suka samu ya isa na rana ɗaya.

Auta ta zaunar da Kanari a kan kujera ta fara aiki a fuskar Dogo. Da farko tana yi tana bayani: wannan hoda ce, wannan roba ce, kin ga yadda take naɗewa. Sai dai Auta na da wani hali da kowa ya san ta da shi a kamfanin. In hannunta ya kama aiki, ko gobara ake yi ba ta ji. Bayanin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Ta dusashe masa fata ta koma kamar toka. Ta zurma masa ido, ta zana jijiyoyi shuɗɗa a wuyansa, ta sa masa fiƙoƙi, ta zubo jan nan daga gefen bakinsa har haɓa. Dogo kuwa ido a rufe, baki a rufe, yana jiran gam ya bushe, bai ga komai ba. Ba ta taɓa yin fuskar da ta kai ta ranar kyau ba, don so take 'yarta ta yi alfahari da ita.

Ta ja baya tana murmushi, ta juyo.

"Kin gani ko, Kanarina? Ba dodo ba ne. Ni ce na yi shi da hannuna."

Yarinyar ba Dogo take kallo ba. Hannayen uwarta take kallo, jajaye har wuyan hannu. Auta ta matso za ta ɗauke ta, sai yarinyar ta zame daga kujerar ta yi baya-baya har ta jingina da bango. Ba ta yi ƙara ba, ba ta yi kuka ba.

"Kar ki taɓa ni," ta ce, muryarta can ƙasa. "Ɗazu yana da kirki. Ke kika mayar da shi dodo."

Dogo ya buɗe ido ya fara ɓamɓare robar da ƙarfi har yana jin ciwo, yana cewa ga shi nan, shi ne dai Kawu. Ba wanda ya kula shi. Sai da aka kira Umma ta zo da kanta kafin yarinyar ta yarda ta bar jikin bangon.

Gidan ya yi tsit. Kanari ta koma ɗakin Umma. Ba ta cin abincin da uwarta ta zuba, ba ta yarda ta yi mata wanka ko kitso, in sun haɗu a ƙofa sai ta manne da bango ta wuce. Likitan yara ya ce a ba ta lokaci, a nisantar da ita daga duk abin da zai tuna mata. Da Auta ta tambaye shi lokaci nawa, sai ya ce wannan kam ba wanda zai iya faɗa mata. Umma ba ta taɓa cewa ai na gaya miki ba, kuma shirun nata ya fi zagi ciwo.

Bayan mako biyu Auta ta koma ɗakin kwalliya da rana tsaka don ta kwashe kayanta. Ta tarar da Dogo zaune a kujerar, ya rame. Tun kafin ta ajiye jaka ya fara magana. Ya ce zai bar fim, zai koma tuƙi ko duk abin da ya samu. Ya ce zai jira shekara biyar, shekara goma, har Kanari ta girma ta yi wa abin dariya. Ya ce laifinsa ne, shi ya fara kawo shawarar.

"Autata, rabin raina... kar ki yanke mini hukunci da kuskuren rana ɗaya."

"Ka san abin da ta tambayi Umma jiya?" Auta ta ce, ba ta iya kallon sa ba. "Ta ce wai Babanta ma ni na mayar da shi dodo, shi ya sa ba ya dawowa?"

Dogo ya dafe kai da hannu biyu.

"Da kai kaɗai take tsoro, ina da ƙarfin yi maka faɗa," ta ci gaba, hawaye na zuba. "Yanzu ni take tsoro. Duk ranar da ta gan mu tare, ta tabbata abin da take zato gaskiya ne. Ina son ka, Allah ya sani, ban taɓa son wani haka ba tun da na yi takaba. Amma ita ba ta da wata uwar."

"Ni kuma ina da wata ke?"

Auta ta share hawayenta. Ta bar masa akwatin kayan aikin a kan tebur, duk da fiƙoƙin da buroshin da ta yi shekara bakwai tana tarawa, ta ce ya ba duk wadda za ta gaje ta. Ta roƙe shi kada ya kira. Ya yi alkawari, kuma saboda shi mutumin kirki ne, ya cika. Sau da yawa ta so a ce bai cika ba.

Ta samu aiki a wani shagon ɗinki, tana sa maɓalli. Wata uku suka wuce kafin wata safiya, Umma na fama da ƙafa, Kanari ta tsaya a ƙofar banɗaki da sabulu a hannu ta rasa wanda zai wanke mata fuska. Ta daɗe tana kallon uwarta. Sannan ta ce ta nuna mata hannayenta. Auta ta miƙa. Yarinyar ta duba ciki, ta duba baya, ta duba ƙarƙashin farce, har ta sunsuna, sannan ta runtse ido ta miƙo fuska.

Auta ta wanke mata a hankali, tana danne kuka, tana jin laushin kumatun da ta yi wata uku ba ta taɓa ba. Ta ce a ranta Allah ya kawo ƙarshen abin.

Tana gama goge mata, Kanari ta ƙwace ta ruga ɗakin Umma. Auta ta bi ta a baya, ta tsaya a bakin ƙofa. Yarinyar ta hau kan kujera a gaban madubi, ta buɗe baki, tana ɗaga leɓe da yatsa tana duba haƙoranta ɗaya bayan ɗaya.