Gishirin Burodin Baba

"Auta, sau nawa ke nan kina ce min in ƙara jira?"

Direba ne ya yi tambayar. Yana tsaye a ƙofar baya ta gidan burodin, makullin mota na lilo a yatsansa, fasinjojinsa kuwa suna can gaba suna rububin burodi mai zafi. Aikinsa ke nan: duk ƙarshen mako sai ya ɗebo mutanen babban gari a farar bas ɗinsa ya zaga da su ƙananan garuruwa, su ga tafki, su hau dutse, su ɗauki hoto a tsohuwar gada, ya kuma tsaya da su a gidajen burodin da ya yarda da su. Gidan burodin Baba, mahaifin Auta, ne zangonsa na farko. Da can burodi ke tsayar da shi, daga baya ko makaho ya san ba burodin ba ne kaɗai.

Auta ta ci gaba da shafa mai a gwangwanayen gashi, ta ƙi ɗago kai.

"Ka ɗan ƙara haƙuri..."

"Haƙurin me, rabin raina? Mama kullum sai ta tambaye ni, har na fara guje wa ɗakinta. In ba kya so na ne, ki faɗa min, zan iya ɗauka."

"Ka san ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Ta jawo wani gwangwanin ta ci gaba da shafa mai. Ya jira har wani fasinja ya danna masa hon, sannan ya juya ya tafi ko sallama babu. Tana jin tashin motar ta jingina da buhun fulawa, hawaye suka zubo. Tana son sa, so ba na wasa ba, amma dalilin da yake nema ba nata ba ne balle ta ba shi. Asirin mahaifinta ne.

Baba tsohon hannu ne a sana'ar. Bai taɓa auna gishiri ko sukari a sikeli ba, ya ce sikeli na 'yan koyo ne. Shi dai ya watsa da hannu, ya murza kwaɓin, ya tsinko ɗan kaɗan ya ɗora a harshe, ya lumshe ido, nan take ya san abin da ya rage. Da wannan harshen ya ciyar da gida, da shi ya yi suna har garuruwan maƙwabta.

Bara wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi. Ya tashi lafiya lau, sai dai ɗanɗano da ƙanshi sun tafi ba su dawo ba. Bai gaya wa kowa ba. Auta ta gane ne ranar da ta manta ba ta sa masa sukari a shayi ba, ya shanye tas, ya ce yau kam ta iya zuba sukari.

Tun daga ranar suke wani zama na ka-sani-na-sani. Kowace safiya Baba zai tsinko kwaɓi ya sa a baki, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai kamar dā, sannan ya fita duba wutar tanderu. Yana ba da baya sai Auta ta ɗanɗana, ta ƙara abin ƙarawa, ta murza da sauri kafin ya dawo. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, yayyenta maza duk sun tafi neman na kansu. In ta yi aure ta bi Direba babban gari, ba da daɗewa ba burodin zai lalace, gari ya ɗauka, a ce Mai Burodi ya tsufa. Ita kuwa gara ta tsufa a gindin tanderu da ta ji an faɗi haka.

Ta ɗauka fushin Direba zai kai wata. Ina! Ranar da ba sa gashi sai ga farar bas a ƙofar gida, wayam ba fasinja ko ɗaya. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce shekara da shekaru yana kai baƙi yawon buɗe ido, amma bai taɓa kai mutumin da ke ciyar da baƙin nasa ba, yau dai sai Baba ya shiga motar. Baba ya fara kawo uzuri, har sai da Direba ya ambaci garin da Dogo yake. Dogo abokin Baba ne, tare suka koyi sana'a a hannun ubangida ɗaya, rabonsu da juna kuwa tun Auta na goye. Kafin a ce me, Baba ya saka sabuwar riga ya kame a kujerar gaba.

Auta ta zauna a baya, jakar burodin tsaraba a cinyarta. Direba bai yi mata magana ba, amma ya gyara madubi har sau biyu, kuma ba hanya yake dubawa ba.

Tafiyar ta yi daɗi. Sun tsaya a bakin tafki, inda Baba ya tuɓe takalmi ya tsoma ƙafa yana dariya kamar yaro. Sun wuce wani ɗan gari mai layi ɗaya tal, da shagon aski da mai facin taya da wani agogon bango da ya tsaya tun kafin a haifi Direba, amma mutanen garin suna alfahari da shi. A kowane gari sai Baba ya sa a tsaya a gidan burodi. Ba ya ci, sai dai ya matsa burodin da babban yatsa ya ga yadda zai dawo, ya juya gindinsa ya ƙwanƙwasa, ya yanke hukunci. Wannan an yi masa gaggawa, wancan wuta ta yi masa yawa. Auta ta lura da dabarar, tausayinsa ya kama ta.

Gidan burodin Dogo na bayan wata tashar mota, ɗan ƙarami, bangonsa duk hayaƙi. Dogo kuwa gajere ne ƙwarai, sunan tsokana ne ya bi shi har tsufa. Da ya ga Baba sai ya saki ƙyallen da ke hannunsa, suka rungume juna suna zagin juna irin na tsofaffin abokai. Wannan ya ce wancan ya yi furfura, wancan ya ce wannan har yau bai ƙara tsawo ba.

Aka shimfiɗa musu benci, aka kawo shayi. Can Dogo ya shiga ciki ya fito da wani burodi da ɗuminsa, ya gutsura ya miƙa wa Baba, ido na ƙyalli.

"Ka tuna wasanmu? Na sa wani abu a ciki. Ba ka taɓa faɗuwa ba, yau zan ga ko harshen nan na nan."

Matar Dogo ta leƙo, masu sayen burodi biyu suka dakata don su ga gwanin da ake ba su labari. Baba ya karɓa, ya sa a baki, ya lumshe ido. Ya tauna. Ya sake taunawa. Auta na ganin gumi ya tsatso masa a goshi. Ta rasa ta inda za ta jefa masa igiya, don ita ba a ba ta ba, kuma 'ya ba ta tsoma baki a wasan iyaye.

Ta ɗago ido a ruɗe, sai suka haɗa ido da Direba. Ya dube ta, ya dubi goshin Baba, ya sake dubanta.

Sai kawai ya miƙa hannu, shi da ko ruwa ba ya sha a gaban manya sai an ce ya sha, ya fizgi rabin burodin daga faranti ya cusa a baki.

"Kai, Baba Dogo," ya faɗa da baki cike, "a ina kake samun zuma mai kyau haka? Har da ɓawon lemo ma!"

Dogo ya buga cinya, ya ce wannan wane irin yaro ne mara haƙuri, wa ya tambaye shi? Matarsa ta taɓe baki ta koma ciki. Direba ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri, ya ce yunwa ce da santsin baki, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Baba ya yi dariya, ya ce yaran yanzu ke nan, ba sa bari tsoho ya ja aji. Dogo ya rantse da ba don katsalandan ba da yau ya kayar da shi, aka ci gaba da hira, magana ta bi iska.

Auta ta ɓoye fuska a kofin shayi. Ba ta taɓa son sa kamar wannan lokacin ba, da ɓurɓushin burodi a gemunsa, ana yi masa kallon mara tarbiyya.

Suka kamo hanyar dawowa. Rana ta yi sanyi lokacin da suka iso tsohuwar gada, sai Baba ya ce a tsaya. Suka fito su uku suka jingina da ƙarfen gadar, ruwa na wucewa a ƙasa.

"Ɗana," in ji Baba, bai dubi kowa ba, "zuma ce da gaske?"

"Zuma ce, Baba."

"Ita ta gaya maka?"

"Wallahi ba ta taɓa ba. Yau na gani da idona."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce da Auta ya daɗe da sanin tana gyara masa kwaɓi, don hannunsa bai mutu ba ko da harshe ya mutu, yana jin an sake murzawa. Shi ya sa ma yake daɗewa wajen duba wutar da ba ta bukatar dubawa. Sannan ya juya ga Direba ya tambaye shi abin da ya hana shi turo manyansa, shi da ya kusa cinye ƙofar gidan da zarya.

Direba ya ce tambayar da mahaifiyarsa ke yi masa kullum ke nan, sannan ya saci kallon Auta. Ita kuma ta sunkuyar da kai. Baba ya dubi wannan, ya dubi waccan, a hankali fuskarsa ta sauya. Wannan kam bai sani ba.

"Auta... saboda gishirin burodina?"

Kuka ya ƙwace mata. Ta ce ba za ta iya tafiya ta bar shi a bakin mutane ba, ta ce za ta jira, ko shekara nawa ne, ai aure ba gudu yake ba. Direba ya ce shi ma zai jira, yanzu da ya san dalili ko kaɗan ba zai ƙara damun ta ba.

"Ba za ku jira ba," in ji Baba. Ya kamo hannunta, hannun nan nasa mai kaushi da tabon ƙuna. "Na ɗauka ɗan gishiri kike ara min, ashe rayuwarki kike zubawa a ciki. Kunyata tawa ce, 'yata, ni zan ɗauke ta. Ban haife ki don ki zama harshena ba."

Ya juya ga Direba, idonsa ya yi ja amma yana murmushi.

"Kai kuma, mutumin da zai yarda a kira shi mara kunya don ya rufa wa tsoho asiri, ba na tsoron ba shi 'yata. Ka gaya wa mahaifiyarka ta daina tambaya."

Washegari Baba ya yi abin da Auta ba ta taɓa zato ba. Ya tsaya a gaban shago, masu saye na layi, ya gaya musu da bakinsa cewa ɗanɗano ya bar shi tun bara, kuma burodin da suke yabawa 'yarsa ce ke ceton sa. Ba wanda ya yi dariya. Tela maƙwabcinsa ma cewa ya yi shi idonsa ya daɗe da raguwa, ai ba a daina kawo masa ɗinki ba. Daga nan aka ɗauko Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zama mai ɗanɗanon kwaɓi. Matsala ɗaya ce, Gwaggo na da hawan jini, kuma ta ɗauki gishiri abokin gaba.

Aka yi aure, Auta ta tare a babban gari, a wani ɗan gida mai taga da ke kallon inda ake ajiye farar bas. Ƙarshen makon farko da mijinta ya koma aiki, ta wuni tana leƙen tagar. Da yamma ya shigo da burodi guda a naɗe cikin takarda, ya ce Baba ya ce nata ne ita kaɗai, kuma ta kira shi da zarar ta ci.

Ta zauna a bakin gado ta gutsura. Laushin na nan, ɓawon ya gasu yadda Baba kaɗai ya iya. Ta tauna a hankali. Ta ɗauki waya.

Bugu ɗaya ya ɗauka, alamar wayar na hannunsa tun ɗazu.

"Kin ci?"

"Na ci, Baba. Ya yi daɗi sosai..."

"Auta. Mun gama da wannan. Gaskiya nake so."

Ta share hawaye da bayan hannu.

"Gishiri ya yi kaɗan, Baba."

Dariyarsa ta cika wayar, ta ji yana ƙwala wa Gwaggo kira yana cewa ai ya faɗa mata, ita kuma daga nesa tana cewa lafiyar jama'a take karewa.

"To, gobe zan ƙara," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "Ke dai ki zauna lafiya a ɗakinki, 'yar albarka. Ki gaida mijinki."

Ta ajiye wayar. Mijinta ya zauna kusa da ita ya dafa kafaɗarta, ya miƙa hannu zai gutsura, ta janye takardar ta rungume a ƙirji. Yana dariya tana kuka, haka ta zauna ta cinye burodin nan mara gishiri ita kaɗai, har ɓurɓushin.