Lita Ake Saye a Konni

Liman yana cikin huɗuba lokacin da Badaru ya ɗora bakin bindiga a kunnen direban wata tankar fetur. Ranar Juma'a ce, mutanen Illela duk sun tafi masallaci. A bayan tsohon gidan man da ke bakin gari babu kowa sai direban, dattijo mai suna Maccido, da wata mai abinci, Raliya, wadda ta durƙushe bayan tukwanenta.

Maccido bai yi gardama ba. Ya miƙa hannuwa aka ɗaure shi. Abu ɗaya ya roƙa, kada wani ya kunna taba.

Su uku suka zo. Badaru ne oga, ya daɗe yana tsallakar da fetur zuwa Konni ta Nijar. Hammadu mai jigilar albasa ne da tsohuwar a-kori-kurarsa, bai taɓa sata ba. Na uku Uzair ne, ƙanen matar Hammadu, wanda ya yi karatun kimiyya ya dawo gida babu aiki. Shi ya jawo Hammadu cikin harkar. Da safe ya ce wa yayarsa Iklima za su Gidan Katta ɗaukar albasa, zai maido mata da mijinta kafin la'asar.

Sun ɗora tankunan roba biyu a bayan motar, sun zo da injin ban ruwa na lambu. Uzair ya riga ya yi musu lissafi, kuma ba shi da wuya. Injin yana zuƙo lita ɗari biyu a minti. Litar fetur ba ta kai litar ruwa nauyi ba, kashi uku cikin huɗu na kilo ce. Ke nan kowane minti kilo ɗari da hamsin ke hawa bayan motar. Motar kuwa tan ɗaya da rabi take iya ɗauka a hanyar yashi. Saboda haka minti goma, sai a kashe inji, tankuna a rabi.

Injin ya tashi. Tiyo ya kumbura. Uzair ya kafa wa agogonsa ido.

Da lokaci ya cika ya kai hannu zai kashe. Badaru ya buge hannun.

"Mi kake yi, ɗan boko?"

"Oga, ta ɗauki iyakarta."

"Tanki rabi za mu kai? Fetur ai iska ne. Lita ake saye a Konni, ba kilo ba."

Uzair ya ce masa gaskiya ne, amma mota ba ta san lita ba. Badaru ya yi dariya ya gyara riƙon bindigarsa. Hammadu ya leƙo ta taga ya tambayi ko lafiya. Uzair ya dubi bindigar, ya ce lafiya lau, Yaya.

Sai da tankunan suka cika har baki. Bayan motar ya zauna a kan tayoyi.

Suna barin wurin Raliya ta kwance Maccido, ta buga wa 'yan sanda waya.

Saje Yari ya zo da mutum huɗu. Bai tambayi kowa hanya ba. Ya tsuguna ya dubi sawun tayar, yadda ya nutse a ƙasa, ya ce wa yaransa kada su yi gaggawa, waɗannan ba za su yi nisa ba. Ya ƙara da cewa duk inda suka ji warin fetur, kada wanda ya taɓa kunamar bindiga.

Badaru yana gaba a kan babur, motar na binsa tana nishi. Sun bar kwalta sun bi ta gonakin ƙauyen Araba. A wani busasshen rafi tayoyin baya suka shige yashi. Hammadu ya taka — yashi ya tashi. Ya sake takawa — motar ta ƙara zama.

"Ku zubar da rabi!" in ji Badaru.

Uzair ya buɗe famfunan da ke gindin tankunan. Fetur ya fara zuba, siriri, yana taruwa a ƙarƙashin motar. Ya tara jarka ya gwada. Lita ashirin a minti, wato kilo goma sha biyar. Abin da ya hau cikin minti goma zai ɗauki fiye da awa ɗaya da rabi kafin ya sauka. Ya gaya musu a hankali, kamar mai karanta amsa a allo.

Can baya ƙura ta taso.

Badaru ya ce su jira shi, zai nemo masu shanu su ja motar. Ya hau babur ya nufi arewa, inda babu ruga ko ɗaya sai iyakar Nijar. Bai waiwayo ba.

Uzair ya kashe injin motar da hannunsa, ya ce, "Yaya, sauko mu tafi. Kada ka sake tada ta, ƙarƙashinta duk mai ne."

"In bar ta in ci mi? Da ita nike ciyar da yayarka."

Uzair ya haura gaɓar rafin, yana zaton Hammadu na biye da shi. Yana sama ya ji an murɗa makulli.

Wutar ta tashi gaba ɗaya. Zafin ya tura shi ƙasa. Ya zauna inda ya faɗi. A nan Saje Yari ya same shi. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Ba a sake jin labarin Badaru ba. Mai tankar ya kori Maccido. An binne abin da aka samu na Hammadu da yamma. Iklima ta zo ofishin 'yan sanda ta tsaya a bakin ɗakin da aka kulle Uzair, ta dubi ƙanenta ta cikin ƙarfe, ta ce an yi la'asar tun ɗazu. Ta juya ta tafi.

Saje ya jawo kujera ya tambayi Uzair nawa suka ɗiba.

"Tan uku," in ji Uzair.

"Lita na tambaye ka, yaro."

Uzair ya dubi hannuwansa, har yanzu suna warin fetur. Ya san amsar. Lita dubu huɗu ce.